Minti Ashirin a Matakalar Bene

Na gaji. Da wannan nake so in fara, don in kun ga rubutun yau ya zo a karkace ku san dalili. Kwana biyar ke nan ina kwanciya da ciwon kai ina tashi da shi, alhali ban zagi kowa ba, ban fasa komai ba, ko cokali ban jefar ba. Da can in na yi faɗa nakan yi barci har da minshari. Yanzu da na koyi haƙuri, barcin ne ya yi fushi da ni.

Ga waɗanda yau suka fara bina, a gida Ashana ake ce min. Baba ne, Allah ya jiƙansa, ya laƙaba min tun ina 'yar shekara shida, wai ƙyastawa ɗaya nake kamawa. Shekarata ashirin da bakwai. Ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya na wani asibitin haƙori, ni ke rubuta suna, in ba da lamba, in ɗaga waya, in ce wa mutum ya zauna ya jira. Duk wanda ya taɓa ce wa mai ciwon haƙori ya jira ya san irin aikin. Mu uku ne a gida, a hawa na biyu na wani bene: Mama, ni, da ƙanwata Auta mai shekara goma sha tara. Auta tana da in'ina tun tana ƙarama, kuma rabin faɗan da na yi a duniya a kanta na yi shi.

Wata huɗu da suka wuce wani mutum mai kumburarren dasashi ya tsaya a kaina yana buga teburi, ya ce an ajiye ni a wurin kamar buhu, ba abin da na iya sai taunar cingam. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan ƙarfen huda takarda ba. Bango na nufa, Allah shaida, amma a bangon akwai hoton da ke nuna yadda ake goge haƙori, cikin gilashi, sai ga gilashin a warwatse a kan kujerun jira. Ba wanda ya ji ciwo. Likita, mai asibitin, ta kira ni ofishinta, ko safar hannu ba ta cire ba, ta miƙo min wata takarda ta ce akwai ajin da ake koya wa mutane yadda za su riƙe fushinsu, duk Asabar har wata biyar, in je ko in nemi wani aikin. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga ma da ya fi min sauƙi.

Ajin a saman wani shagon sayar da katifu yake. Ɗaki ɗaya ne, kujerun roba tara an zagaya da su, sai fanka mai ƙara da robar ruwa a kusurwa. Malamar da ke koyar da mu gajeriyar mata ce mai furfura a gaban goshi, ta yi shekara talatin tana aikin jinya kafin ta ajiye, don haka ba irin ihun da ba ta ji ba. A cikinmu akwai direban babbar mota da ya karya wa wani madubi, akwai mai kitson da ta kori mace da rabin kai a tsefe, akwai wani dattijo da har yau bai gaya mana abin da ya yi ba, in an zo kansa sai ya ce a wuce. Ranar farko na zauna ina hura hanci, ina ganin na fi ƙarfin wurin. Ban kai mako uku ba na gane duk cikinsu ni ce ke fara kaɗa ƙafa.

Malama ta ce fushi ba ya shigowa sai ya yi sallama, mu ne ba ma sauraro. Ta sa kowa ya nemo alamarsa. Tawa kunne ne, sai ya ɗau zafi, sannan haƙora su haɗu, sannan hannun damana ya fara neman abin ɗauka. Daga nan ta ba mu dokarta mai hawa uku. Na farko, tun kafin komai ya faru, ka zaunar da mutanenka ka gaya musu kana wannan ajin, kuma in sun ji ka ce "zan fita in dawo" su bar ka. Na biyu, da ka ji alamar ka tashi ka bar wurin, ka saita minti ashirin a waya, kar ka ce wa kowa uffan har su cika. Na uku, ka dawo ka faɗi abin da ya ɓata maka rai da muryar da za a iya saurara. Ta rubuta mana su a wani ɗan kati ta ce kowa ya karanta wa na gidansu.

Na kai wa Mama katin. Ta sa tabarau ta karanta, ta ninke shi biyu, ta jefa a gwangwanin da take ajiye maɓallai da allura, ta rufe.

"Wannan magana ta tsaya a ɗakin nan," in ji ta. "In ta fita, cewa za a yi kina da taɓin hankali, kuma har ƙanwarki sai ta shafa."

Ban yi musu ba, don ni ma kunyar abin nake ji.

A mako na biyar Kumatu ya shigo rayuwata, kuma da kumatun nasa ya shigo, gefe ɗaya ya kumbura ya rufe masa rabin ido, shi ya sa har yau haka sunansa yake a wayata. Malamin lissafi ne a wata sakandare. Yana zaune yana jiran layinsa wata mata ta zo ta wanke ni tas a kan lambar da ita ce ta ɓatar, ni kuwa ina murmushi ina ce mata ta yi haƙuri. Abin da bai gani ba, a bayan teburi na zauna a kan hannun damana ina ƙirga numfashi. Da aka cire masa haƙorin ya fito da auduga a baki, ya ari birona ya rubuta a bayan takardar maganinsa cewa bai taɓa ganin mai sanyin hali irina ba. Sanyi yake kirana tun daga ranar. Ku yi dariyarku, na yafe muku, Auta ma sai da ta riƙe ciki.

Ina son shi. Ba zan tsaya kwana-kwana ba. Rigunansa na aiki uku ne, kullum a goge, da jan biro a aljihu. Ƙarfe bakwai saura kwata na kowace safiya saƙonsa yake shigowa, kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta, ko da kuwa "Kin karya?" ne kawai. In Auta tana magana yakan ajiye abin da ke hannunsa ya jira ta. Manema biyu na kora kafin shi. Na farko na sa ya sauke ni a tsakiyar titi don ya kwaikwayi maganar Auta, na biyu kuwa, gaskiya, ban ma tuna me ya yi ba, na dai tuna abin da na ce masa. Shi ya sa da Mama ta ga Kumatu ya yi zuwa uku bai gudu ba, ta kira ni kicin ta ja min kunne. Ta ce sa'o'ina duk suna da goyo, ita kuma ba ta san kwanan da ya rage mata ba, in na kuskura na ambaci ajin nan ba ta yafe ba. In an yi aure ya gani da idonsa, lokacin ba gudu. Haka na ce masa ajin kwamfuta nake zuwa ranar Asabar, har yana tambayata me aka koya mana.

Lahadin da ta wuce yayarsa ta ce za ta zo ta gan ni kafin manya su shiga maganar. Ita ta raine shi tun yana ɗan shekara tara, da iyayensu suka rasu, kuma abin da ta ce ba ya tsallakewa. Tun Juma'a Mama ta wanke labule, ta ja doguwar kujera ta rufe inda fenti ya ɓare, ta fito da kofunan gilashin da ban taɓa ganin an sha ruwa da su ba. Ita ta zaɓar min kaya: doguwar riga ruwan toka mai ɗan aiki a bakin hannu, da mayafi ruwan madara, wai kalar masu hankali ke nan. Jan bakin da na shafa ta sa na goge. Ina tsaye gaban madubi saƙonsa ya shigo.

"Kar ki ji tsoron Yaya. Bakinta ne kawai, cikinta fari ne. Ke da ba ki iya fushi ba ma ai ba matsala."

Na tura masa hoton fuska mai murmushi.

Ƙarfe huɗu daidai ta yi sallama, ita kaɗai, don ta ce masa kar ya biyo ta. Doguwa ce, da tabarau mai sarƙa, da jaka a cinya wadda ba ta ajiye ba har ta tafi. Tambaya take yi ɗaya bayan ɗaya: ina na yi karatu, ƙarfe nawa nake tashi daga aiki, wa ke girki a gidan. Na amsa duka kaina a ƙasa. Rabin awa ta wuce lafiya, har na ga Mama ta saki kafaɗa. Sai Auta ta shigo da tire, lemo da biskit da yankakkiyar kankana, ta rusuna za ta ce sannu da zuwa, kalmar ta maƙale mata a harafin farko. Haka take yi in ta ga baƙo. Ana ɗan jiranta ne kawai, sai ta fito. Yaya ba ta jira ba. Ta kalle ta ta saman tabarau, ta juya wajen Mama.

"Wannan abin nata, a danginku yake ko a na mahaifinsu? Ba don komai ba, Mama, gara mutum ya san abin da zai shigo masa gida. Kin san sha'anin 'ya'ya."

Auta tana nan tsaye da tiren. Mama ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta a bakinta ba, ta fara bayanin wai zazzaɓi ne ya yi mata haka tana jaririya.

Kunnena ya ɗau zafi. Haƙorana suka haɗu. Da na duba, yatsuna sun riga sun zagaye ɗaya daga kofunan nan na gilashi. Na san abin da ke biye, don na sha ganinsa. Sai na saki kofin, na miƙe, na wuce ta gaban baƙuwa tana tsakiyar magana, na buɗe ƙofa na fita. Ban ce zan fita in dawo ba. Wa zan gaya wa, tunda ba wanda ya san zancen?

A matakala na zauna, tsakanin hawa na biyu da na ɗaya, kusa da keken da maƙwabcinmu ya ɗaure a ƙarfe. Na saita minti ashirin. Wani gida ana soya albasa, wani gida rediyo ke yi, ni kuwa ina shaƙar numfashi ta hanci ina fitarwa ta baki kamar yadda aka koya min, mayafin masu hankali yana share ƙura. A minti na goma sha ɗaya na ji an buɗe ƙofarmu, na ji takun takalmi yana saukowa. Na matsar da gwiwata don ta samu hanya. Ta tsaya a kaina. Idona yana kan waya, domin lambobin nan da ke raguwa su kaɗai ke riƙe da ni, amma ku tsaya a inda take ku duba: yarinya ta tashi ta bar ki kina magana, kin fito kin same ta a matakala tana danna waya.

"To, 'yar nan, na gode da tarba," ta ce.

Ban amsa ba. Maganganun da ke bakina a lokacin sun yi layi, in na buɗe don in ce a sauka lafiya, ba ita ce za ta fara fitowa ba. Ta ɗan jira, sannan ta wuce. Ni kuwa na zauna na cika sauran minti taran cif, har da wani ɗan alfahari a raina wai yau ban fasa komai ba. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Da na koma, Mama tana zaune a inda na bar ta, kankana ko yanka ɗaya ba a taɓa ba. Ba ta yi faɗa ba, ita ma ta gaji. Ta ce da zagin baƙuwar na yi da ya fi, zagi a ce ƙuruciya ce, wannan kuwa raini ne tsagwaronsa. Ta ce ta riga ta gaya wa matar a bakin ƙofa cewa jiri ne ya ɗebe ni don ban ci komai ba tun safe, saboda haka in Kumatu ya tambaya, jiri ne, kuma gobe in je in ba da haƙuri.

Na shiga ɗakinmu na tarar da Auta tana ninke kayan da tun jiya a ninke suke. Ba zan ɓoye muku ba, godiya na je karɓa. Na ce mata ta ga dai yau na riƙe kaina. Da ta fara magana ta daɗe kafin ta kai ƙarshe.

"Kin f-fita kin bar ni da tire a hannu. Da can in kin yi faɗa kunya nake ji, Yaya Ashana. Amma ban taɓa zama ni k-kaɗai ba sai yau."

Ko marina ta yi ba zan ji zafin haka ba. Na zauna a bakin gado.

Kafin magariba saƙonnin Kumatu suka fara shigowa. "Yaya ta dawo. Lafiya kuwa?" Bayan minti biyar: "Ta ce kin tashi kin bar ta tana magana." Bayan wasu biyar: "Ta ce Mama ta ce jiri ne. Haka ne, Sanyi?" Mama tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa in rubuta e, harafi ɗaya ne, ba zai kashe ni ba. Na rubuta na goge ya fi sau shida. Daga ƙarshe na tura masa cewa lafiyata ƙalau, za mu yi magana. Alamar ya karanta ta fito, bai ce komai ba. Litinin ƙarfe bakwai saura kwata ta zo ta wuce, wayata shiru. Na je aiki na yi ta ba da lamba ina ce wa mutane su jira, har wani ya zage ni ban ma ji ba.

Ranar Talata da lokacin cin abinci ya yi na shige ɗakin ajiya, na zauna a kan kwalin safar hannu na kira Malama. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ko na karanta musu katin. Na yi shiru. Ta ce ta ji amsar.

"Abu uku na koya miki, kin ɗauki na tsakiya kin bar biyu. Fita ba magani ba ce, 'yata, wuri ne kawai da za ki huce ki dawo ki yi maganar. Wanda ya fita bai dawo ba, gudu ya yi."

Ta ce fushin da na ji ba laifi ba ne, duk mai jini a jika zai ji shi, kuma ita ba ta taɓa cewa mu zama dutse ba. Na ce to in na gaya wa Kumatu gaskiya ya tafi fa? Ta ce in ya tafi, da ma ba ni yake nema ba, wata yake nema mai kama da ni. Maganar ta yi daidai, amma mai faɗarta ba ita za ta koma gida ta kalli idon Mama ba.

Laraba Kumatu ya zo da kansa. Ya ajiye tsohuwar motarsa ƙarƙashin bishiyar da ke gefen asibiti, kujerar baya cike da takardun jarrabawa. Da safe Mama ta raka ni har bakin matakala tana maimaita min jiri, jiri, ba ta san na riga na buɗe gwangwanin maɓallai ba. Na shiga motar da shuɗiyar rigar aiki, ƙamshin maganin asibiti a jikina, muka gaisa kamar baƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zaro katin na miƙa masa.

Ya karanta shi a hankali, yadda yake duba takardar ɗalibi. Ni kuma na zayyana masa komai: sunan da ake kirana a gida, ƙarfen huda takarda, gilashin da ya fashe, manema biyu, da hannun da na zauna a kai ranar da ya fara ganina. Da na gama ya mayar da idonsa kan sitiyari. Ya ce ranar Lahadin Yaya ta tambaye shi ko ya taɓa ganin fushina, ya ce bai taɓa ba, ta ce to bai gan ni ba tukuna. Ya ce musu ya yi mata, karo na farko a rayuwarsa, ya rantse mata cewa ni ba haka nake ba.

"Wata uku kina ce min kwamfuta," ya ce.

"Na yi ƙarya. Ba ni da abin kare kaina."

"To me ya yi zafi haka? Me aka yi miki?"

A nan na gane ba ta gaya masa tambayar da ta yi ba. Na maimaita masa ita kalma da kalma, har da tiren da ke hannun Auta. Ya shafa fuskarsa da tafin hannu biyu. Sai ya ce in gaya masa abin da na so ce mata a matakala. Na ce ba zai so ji ba. Ya ce ya gaji da jin abin da yake so.

Kunnena ya fara zafi, amma wannan karon ban fita ba. Na ce ƙanwata ba tabo ba ce a jikin kaya da za a duba kafin a saya, tana tsaye a wurin, kuma kunnenta ƙalau yake. Na ce zan je har gida in durƙusa in ba Yaya haƙuri a kan tashin da na yi da sallamar da ban amsa ba, don na yi laifi. Amma fushin ba zan ba da haƙurinsa ba. Kuma ba zan shiga gidan da za a riƙa kallon bakin 'ya'yana ana jiran su yi tuntuɓe ba.

"Ita ma akwai wadda za ta ba haƙuri," na ce, "kuma ba ni ba ce."

Na gama, kuma duk abin da ke cikin motar yana nan a inda yake. Ya kalle ni kallon da bai taɓa yi min ba, ban san ko tsoro ne ko me ba.

"Yaya ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba," ya ce. "Ita ta raine ni. Ban san da wane baki zan tsaya a gabanta in ce ta yi kuskure ba."

Na ce na sani. Ya sa katin a aljihun rigarsa, bayan jan biro, ya duba agogo ya ce in koma aiki, lokacina ya yi. Bai ce Sanyi ba. Bai kira ni da kowane suna ba.

Da na gaya wa Mama, zama ta yi a kujerar kicin ta ce na kashe aurena da bakina, shi ke nan hankalina ya kwanta. Ta miƙa hannu ta ɗauki maganin ciwon kanta. Jiya ba saƙo. Yau da safe ba saƙo. Na san ranar Asabar in na ba da labari a aji Malama za ta ce na yi ƙoƙari, direba ya tafa min, ni dai ban ga abin da na samu ba sai ciwon kai da waya mai shiru.

Ɗazu da yamma, na dawo daga aiki ina zaune a ƙasa ina cire takalmi, wayar Auta ta yi ƙara. Ba mai kiran Auta. Duk wanda ya san ta saƙo yake tura mata, don a waya harshenta ya fi maƙalewa. Lambar ba suna. Ta danna ta sa a bayyane, sai muryar yayar Kumatu ta cika falon.

"Salamu alaikum. Da Auta nake magana?"

Mutum ɗaya ne kawai zai iya ba ta lambar nan. Mama ta fito bakin kicin da ludayi a hannu. Ban san me ya sa matar ta kira ba, ko haƙuri za ta bayar, ko ƙarasa abin da ta fara za ta yi. Na miƙa hannu in karɓi wayar, Auta ta janye ta ta rungume a ƙirji. Ta buɗe baki za ta amsa sallamar, harafin farko ya riƙe ta. Ta rufe ido, ta sake gwadawa, ya sake riƙe ta. Na ƙirga har goma sha biyu a raina. A ɗaya ɓangaren ba a ce komai ba, ba a kashe ba, ba a kuma ce ta ba wani wayar ba, numfashi kawai muke ji.

Sallamar ta fito. Auta ta miƙe, ta cire wayar daga bayyane ta kara a kunne, ta shige ɗakinmu ta turo ƙofa.

An fi rabin awa yanzu da nake rubuta muku wannan, kuma ƙofar tana nan a rufe. Wani lokaci ina jin muryar Auta, wani lokaci shiru mai tsawo. Mama ta manta da tukunyarta ta zo ta zauna a gefen doguwar kujera, ba mai kallon wani a cikinmu. Takalmi ɗaya har yanzu yana ƙafata, wayata kuma tana kan cinyata, ba ta yi ƙara ba.